Haruffan da Gwaggo Ta Soya

Gwaggo ta rasu ranar wata Alhamis da hantsi, a tsakiyar damina, ruwan safe ya ɗauke ke nan. Kafin azahar gidanmu na unguwar Sabonjida a Tamale ya cika har ƙofar zaure. Mata masu man gyaɗa suka zo daga unguwar Bulpiela a jere, waɗansu da tallansu a ka, don a hanyar kasuwa labarin ya same su. Wata tsohuwa 'yar Dagombawa, wadda suka yi shekaru suna zama rumfa ɗaya da ita, ta tsaya a tsakar gida ta dubi murhun da babu wuta, ta ce da irin Hausarta, "Gwaggo ya tafi, kasko ya yi sanyi." Ta zauna a ƙasa har aka fita da gawa.

Kowa da abin da ya tuna. Wata ta ce Gwaggo ce ta karɓi haihuwarta ta fari. Wata ta ce ta taɓa wanke ta tas a gaban jama'a don ta sayar da tsohon mai ta ce sabo ne, amma da yamma sai ga tuwo ta aiko mata. Baba, ƙanenta, wanda ya haife ni, yana zaure kan buzu da carbi a hannu, yana amsa gaisuwa idonsa a ƙasa. Kusan wata shida ke nan rabonsa da ya sa abin da ya fito daga kaskonta a baki. Kowa a gidan ya san haka, ba wanda ya tada maganar.

Yara shida suna jingine da bangon ɗakinta, ba su kuka, ba su wasa. 'Yata tana cikinsu, sandunanta biyu a gefe. Ƙaramin cikinsu ya ja zanen matata ya ce, "Inna, to wa zai soya mana sauran?" Matata ta juya fuska ta shige ɗaki.

Bayan an dawo daga maƙabarta sai ga malamin ajinmu na manya, tsohon akawu ne da ya bar aiki yake koya mana boko. Ya durƙusa gaban Baba ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ji ƙan abokiyar aikina." Mutane suka dubi juna. Ina akawu, ina mai ƙuliƙuli? Ba wanda ya tambaya, shi ma bai ƙara ba. Tun ranar nake so in rubuta abin da yake nufi, sai dai hannuna bai kai ba a lokacin. Shekara biyu ke nan ina yi, layi uku yau, layi biyar gobe, tsakanin gyaran keken wannan da na wancan, don sana'ata ke nan.

Gwaggo yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A Salaga aka haife ta, iyayensu fataken goro ne. Ta yi aure sau biyu, ta haihu sau huɗu, babu wanda ya rayu. Da mijin na biyu ya rasu ta dawo gidan ƙanenta da adudu ɗaya da kasko ɗaya, ta ce ba ta zo a ciyar da ita ba. Ita ta yaye ni. A duk unguwar, Gwaggo ake ce mata, har waɗanda suka girme ta.

Tana da wata magana da ba ta rabuwa da bakinta. In ka ce mata an kawo sabuwar gyaɗa mai kyau, sai ta ce, "Kawo in gani." In ka ce ka ji ciwo a ƙafa, "Kawo in gani." Ranar da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu, gari ya cika da kiɗa, na shigo da gudu na ce, "Gwaggo, an ba mu 'yancin kai." Tana murza tunkuza, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Kawo in gani."

A shekarar ne kowa ya kama maganar makaranta. Aka ce zamani ya juya, wanda bai iya karatun boko ba zai zama baƙo a garinsu. Maƙwabta suka fara kai 'ya'yansu. Ni kuwa 'yata ta fari, wadda ba na kiran sunanta, shan inna ya kama ta tun tana goye, ƙafafun suka shanye. Shekararta shida a lokacin. Makarantar tana da nisa, ga kwata, ga laka in damina ta sauka. Na ce zan riƙa kai ta a keke, aka ce mini wa zai ɗauke ta in za ta zaga, wa zai tsaya mata in yara sun ture ta. Na haƙura na dawo gida.

Kullum da safe sai ta ja jiki zuwa ƙofar gida ta zauna tana kallon masu tafiya da allunansu na dutse. Ba ta taɓa cewa a kai ta ba. Gwaggo ce ta gaji da ganin haka. Wata rana ta kira ni bakin murhu.

"Mai keke, zauna. Na ji an buɗe ajin manya a bayan masallaci."

"An buɗe, Gwaggo."

"Za ka shiga."

"Ni? Da furfura a gemu?"

"Furfurar ce za ta riƙe alli? Ƙawata ba za ta je wurin karatu ba, to karatu zai zo wurinta. Ni ban san boko ba, uwarta ba ta sani ba. Kai ne mai ƙafa. Ka je ka ɗebo, ka kawo mini, ni zan ba ta."

Ƙawata take ce wa yarinyar, don a ɗakinta take kwana tun da aka yaye ta.

Na shiga. Litinin da Laraba bayan la'asar muke zama a rumfar kwano, mu kusan ashirin: madinka, mahauta, yaran mota. Kaina ba shi da sauri. Abin da Malam ya rubuta a allo, kafin in kai gida ya zube. Ranar farko na tsaya gaban Gwaggo ina zana abu a iska da yatsa, ta ce, "Iska zan koya wa yarinya? Kawo in gani." Na koma rumfata na ɗauki tsohuwar wayar ƙafar keke da filaya, na lanƙwasa ta daidai yadda na gani a allo. Washegari na kai wa Malam ya duba, ya gyara mini wutsiyar, ya yi dariya ya ce bai taɓa ganin wanda ya ƙera karatu ba. Abin da kaina ya kasa riƙewa, hannuna ya riƙe.

Gwaggo ta karɓi wayar ta jujjuya ta. Ta tambayi sunan harafin sau uku. Sannan ta gutsuri tunkuza, wato ƙullin gyaɗar da aka matse mai, ta murza ta siririya a kan faifai kamar yadda take yi wa ƙuliƙulin kasuwa, ta lanƙwasa ta a gefen wayar har suka yi kama, ta jefa a mai. Da ya soyu ta tsame, ta hura, ta miƙa wa yarinyar.

"Wannan sunansa a. Faɗi."

"A."

"Ki dube shi da kyau, yanzu za ki cinye shi, ba za ki ƙara ganinsa ba sai a cikin kanki."

Haka makarantar ta fara. Kasuwar Tamale kwana shida-shida take ci, jajibirin kasuwa Gwaggo take suya, saboda haka duk kasuwa harafi ɗaya. In ta gama na sayarwa sai ta soya sabon harafi da tsofaffin da aka wuce, ta zube su a faifai. Wanda ya ɗauka ya faɗi sunansa daidai, nasa ne. Wanda ya kuskure ya mayar, ya jira zagaye ya dawo. Ba bulala, ba tsawa. Yunwa da ƙanshi su ne dorinarta. Kafin kasuwa huɗu yara biyar na maƙwabta, waɗanda ba su isa shiga makaranta ba, sun kafa gwiwa a tsakar gidanmu.

Ranar da na kawo mata o ta daɗe tana dubansa, don zagaye ne kawai irin ƙuliƙulin da take yi tun tana budurwa. Ta ce, "Ashe shekara arba'in ina soya boko ina sayarwa, ba wanda ya gaya mini." Ranar i kuwa faɗa aka yi a kan ɗigon, har ta kafa doka cewa ɗigo na ƙarami ne. Wayoyin tana rataye su a ƙusa a bangon ɗakinta bi da bi. Da asuba in ta idar da salla nakan ji ta tana taɓa su tana kiran sunayensu ƙasa-ƙasa, don ita ma ɗaliba ce, harafi ɗaya kawai ta fi yaran.

Na sayo wa yarinyar ƙaramin littafin koyon karatu a wurin Malam. Gwaggo ta karɓe, ta naɗe shi a tsohon ɗankwali, ta sa a ƙasan adudu. Ta ce ba za a buɗe ba sai an cinye haruffa duka. Ranar buɗewa kuma za a yanka zabuwa. Ta sayo 'yar zabuwa ta sake ta a gidan, yara suka sa mata suna Littafi. Yarinyar takan ce, "Gwaggo, ko bangon kawai in gani." Ita kuma ta ce, "Ƙawata, ki ci abin da ke gabanki."

Rigima daga zaure ta taso. Baba malami ne na unguwa, yana koyar da yara allo da safe, har da 'yata, yana kuma yi wa mutane rubutun sha in ciwo ya kama su. Da ya ga abin da ke faifai sai ya tsaya da butarsa a hannu.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Ƙuliƙuli."

"Na ga ƙuliƙuli. Na ce mene ne wannan da kika yi da shi?"

"Karatun ƙawata."

Ya ajiye butar. Baba ba mai ɗaga murya ba ne. Ya ce, "Yaya, kin san abin da ya sa muke wanke allo mu ba mutum ya sha. Rubutu in ya shiga ciki yana aiki, yana bin jini. A kai yaro ya kalli boko da ido, wannan daban. Ke kuwa kin soya rubutun Nasara kina ɗura wa jikokina a ciki. Me kike so su zama?"

Gwaggo ta ci gaba da juya matsami a kasko. Ta ce, "To ai ka faɗa da bakinka, Malam. Yana aiki in ya shiga ciki. Shi ya sa nake ba su."

"Ba wasa nake yi ba."

"Ni ma. Gyaɗar nan Nasara ne ya noma ta? Man nan shi ya matse? Da bismilla suke ci, da hamdala suke tashi. In ka ga ɗaya ya bar salla, kawo in gani."

Bai hana ba, don yayarsa ce, ita ta goya shi. Amma daga ranar ya daina cin ƙuliƙulinta, har zagayayyen na kasuwa, ya ce mai ɗaya aka soya su. Mutumin da bai taɓa shan koko ba tare da ya marmasa ƙuliƙuli a ciki ba. Ita kuma duk jajibirin kasuwa sai ta zuba rabonsa a ɗan kwano ta aika zaure, a dawo da shi yadda yake, ta karɓa ta ajiye. Wani maƙwabci ya ji maganar Baba ya janye ɗansa, bayan kasuwa biyu yaron ya dawo ta katanga.

Yanzu na zo wurin da ya fi ɗaukar mini lokaci a rubutun nan. Sau uku ina yage takardar.

Mun kai tsakiyar haruffa, wata Laraba Malam ya ce in fito in rubuta abin da zai faɗa. Na riƙe alli, kaina ya yi fari fat. Na tsaya, na tsaya. Wani yaron mota, wanda nake yi wa facin taya tun yana tsirara, ya ce, "Malam, a miƙo masa filaya, da alli ba zai iya ba." Aji ya fashe da dariya. Ba mugun abu ya faɗa ba, gaskiya ce ma. Amma na ajiye allin, na hau kekena, ban koma ba.

Ban gaya wa Gwaggo ba. Litinin da Laraba sai in rufe rumfa in tafi can wajen unguwar Nyohini in zauna gindin wata kuka har lokacin tashi ya yi. Kasuwa uku ina ce mata Malam ya ce a maimaita na baya. A ta huɗu ta zuba mini ido ta ce, "Malamin nan naku bai gaji da baya ba?" Sai na koma rumfa na lanƙwasa waya yadda hannuna ya ga dama, wani abu kamar kan keke, na laƙaba masa suna na kai mata. Ta karɓa da hannu biyu. Ta tambayi sunan sau uku. Ta soya, yara suka ci. Na ƙara na biyu, na ƙara na uku. Ina jin 'yata ta cikin ɗaki tana rera sunayen da na ƙaga, tana murna wai an kusa zabuwa.

Matar Malam ce ta fasa, ba da niyya ba. Ta zo sayen mai a kasuwa ta ce, "Gwaggo, ɗanki lafiya? Malam yana ta cigiya, ya ce kwana da kwanaki bai gan shi ba."

Washegari da rana tsaka ina cikin ɗaure sarƙar wani keke sai na ga inuwa a kaina. Gwaggo ce, da ƙafa ta tako, ga zufa, ga kwano rufe da faifai. Ta jira mai keken ya tafi. Ta zauna kan bencina ta buɗe kwanon. Haruffana uku ne na ƙarya, ta soya su sun yi jawur.

"Ci," ta ce.

"Gwaggo..."

"Yara shida sun ci. Ƙawata har a barci tana kiran sunansu. Kai da ka ƙera su ba za ka ɗanɗana ba?"

Na ɗauka na ci. Ƙuliƙuli ne mai kyau, irin nata. Ta jira sai da na cinye ukun.

Na ce, "Dariya suka yi mini, Gwaggo. Yaran da na isa in haifa."

"Sun yi. Ka mutu?" Ta rufe kwanon. "Ƙawata kullum in ta ja jiki ta fito ƙofar gida sai an yi mata dariya. Gobe ma za ta fito. Da ka zo ka ce mini ka kasa, da na nemi wata dabara. Amma ka bar ni na tsaya gaban yara na ba su abin da babu."

Ranar Litinin ta ɗauki 'yar kujerarta ta bi ni har aji. Ta gaida Malam, ta zauna a baya, ta ce ta zo ganin inda ake ɗebo mata kaya. Zama uku ta yi. Ba wanda ya yi ko tari, don babu ɗaya a rumfar da ba ta san uwarsa ba. A nan ne ta nuna wa Malam faifanta, ya riƙe harafi a hannu yana girgiza kai, ya ce shi shekara da shekaru yana fama da manya, bai taɓa tunanin a bi ta ciki ba.

Abin da ta gaya wa yaran shi ne ya fi tsaya mini. Ina bayan ƙofa ina ji. Ta cire wayoyin uku daga ƙusa ta ce, "Waɗannan ba haruffa ba ne. Idona ne ya tsufa, na karkata su, na kuma rikita sunan. Ku manta da su."

'Yata ta ce, "Gwaggo, ai mun riga mun cinye. Yaya za a yi su fita?"

"Za mu bi su da na gaskiya, su kore su."

Ba ta ambaci sunana ba, ranar ko bayanta. Kasuwa shida na ɓata, aka ƙara biyu kafin na ƙaryar su fita daga kan yara. Takwas ke nan. Na ƙirga su sau da yawa tun daga lokacin.

Da ruwa ya sauka ƙafafunta suka fara kumbura, numfashi ya yi mata wuya. Ta bar zuwa kasuwa, amma ba ta bar faifai ba. Matata take matse mai ta yi suya, ita kuma daga kan tabarma, jingine da bango, take murza haruffa. Hannun yana rawa, amma ba su taɓa karkacewa ba. Da aka ci u, saura uku, na shiga ɗakinta bayan la'asar na zauna.

"Gwaggo, a buɗe mata littafin. Saura uku kawai. Ai tana haɗa ƙananan kalmomi a faifai, za ta iya."

"Na ce sai sun cika."

"Ina so ki ji ta."

"Ni ma ina so, Mai keke. Ba abin da nake so kamar shi. Amma na ba ta guntu sau ɗaya ban sani ba, ba zan ba ta guntu ina sane ba." Ta huta, ta dubi ƙusar. "Kasuwa uku ne. Ina nan."

Kwana huɗu bayan haka ta tafi. Da ban zauna gindin kukar nan ba, da an yanka zabuwa tana da ƙarfin cin cinya.

Bayan sadakar bakwai gida ya watse, kasko yana kife. Yaran sukan zo jajibirin kasuwa su zauna jikin bango, su gaji su tafi. 'Yata ba ta tambaye ni komai ba. Sai dai na lura ta koma zaman ƙofar gida da safe, kamar da.

Na je Bulpiela na sami tsohuwar nan abokiyar rumfar Gwaggo, na roƙe ta ta zo ta taya matata matse mai. Ta zo. Na cire rigata, na zauna a tsakar gida cikin mata, na jawo faifai. Tsohuwar ta ce, "Namiji zai murza tunkuza?" Na ce zai murza. Waya takan tsaya inda ka lanƙwasa ta, tunkuza ba haka take ba. Na farko ya tsinke a hannuna, na biyu ya watse a mai. Matata tana dariya tana share hawaye. A na biyar aka sami w da za a iya nuna wa mutane. Wani maƙwabci ya leƙo ya gan ni, kafin magariba labari ya kai bakin masallaci. Aka yi dariya. Ban mutu ba.

Kasuwa ta zagayo muka yi y. Ta sake zagayowa muka yi z. Ranar na ciro littafin daga adudu, ɗankwalin yana ƙanshin man gyaɗa da ɗakinta. Yara suka yi da'ira. Ina tunanin wa zan kira ya yanka zabuwa, sai ga Baba ya shigo daga zaure da wuƙarsa. Bai dubi kowa ba. Ya kama ta, ya fuskanci gabas, ya yanka, ya wanke hannu. Maimakon ya koma sai ya tsaya a bayan yara.

'Yata ta ɗauki harafin ƙarshe ta faɗi sunansa. Ta kai baki, sai ta fasa. Ta karya shi biyu, ta miƙa hannu sama.

"Kaka, ungo rabin Gwaggo."

Baba ya daɗe yana duban abin da ke tafin hannunta. Sannan ya tsuguna, ya karɓa, ya yi bismilla, ya sa a baki. Muna jin ƙarar taunarsa. Ya haɗiye, ya ce, "Gishiri ya yi kaɗan. Yaya ba ta yin haka." Ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska, ya zauna a wurin, a ƙasa, cikin yara.

'Yata ta kwance ɗankwalin da kanta. Ta sa yatsa a layin farko, tana kiran haruffa ɗaya-ɗaya, tana komawa tana haɗa su. Maganar wata akuya ce da ta shiga gona. Da ta kai ƙarshen layin ta gane abin da ta faɗa, sai ta juya da sauri wajen ƙofar ɗakin Gwaggo, bakinta a buɗe. Labule ne kawai yake motsi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta mayar da yatsa ta kama layi na biyu.

Har yau ana suya a gidanmu jajibirin kasuwa. Waɗancan biyar sun shiga makaranta, an ce malamansu suna mamakin inda suka koya. Waɗansu ƙanana sun maye wurinsu, su tara ne yanzu. Ni nake murzawa, matata ta soya, 'yata ce take riƙe faifai a kan 'yar kujerar Gwaggo. Ɗigo har yanzu na ƙarami ne. Ana aika kwano zaure, yana dawowa babu komai. Wayoyin suna nan a ƙusa. Ukun nan na ƙarya suna cikin akwatin kayan aikina, ban jefar ba.

Wani lokaci in harafi ya fito mini da kyau daga mai, nakan ɗaga shi in juya in nuna wa Gwaggo, kafin in tuna. Allah ya ji ƙanki, Gwaggo, ya haskaka inda kike kwance, ya sa yaran da kika ciyar su zama shaidarki. Ya yafe mini kasuwa takwas.

'Yata ba ta san maganar kukar Nyohini ba. Har yau tana tsammani idon Gwaggo ne ya tsufa. Ɗazu da la'asar ta gan ni ina jera takardun nan a kan gwiwa, ta tambaye ni ko na gama abin da nake ta ɓoyo. Na ce saura layi biyu. Na ce rubutun ba shi da kyau, akwai kuma wani wuri a tsakiya da ba zai yi mata daɗi ba. Ta goge hannunta a zane, ta miƙo shi.

"Kawo in gani," ta ce.